Ranar Yaye Marufi: Yaushe Ya Dace a Buɗe Tafkin Bayan Gida?

A jihohin arewacin Amurka da kudancin Kanada, akwai tambayar da kan dawo duk shekara da zarar dusar ƙanƙara ta narke, itatuwa suka fara toho: yaushe za a yaye marufin tafkin ninƙaya na bayan gida? Ga mutumin Kano ko Maraɗi, inda ruwa ba ya daskarewa sai a firiji, tambayar na buƙatar ɗan bayani, domin tafkin otal a can ba ya sanin rufewa sai in gyara ya taso. A ƙasashen sanyi kuwa, ruwa in ya zama ƙanƙara yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin ɗari, kuma wannan ɗan kumburin ya isa ya tsaga bututun da ke binne a ƙasa, ya fasa injin tura ruwa, ya ɓalle tayil. Saboda haka a watan Satumba ko Oktoba mai gida kan rage ruwan tafkin, ya hura iska cikin bututai har su bushe, ya toshe bakinsu, ya zuba magani, ya lulluɓe tafkin da marufi, ya bar shi wata shida ko bakwai. Amurka na da tafkunan gida kimanin miliyan goma, kuma kaso mai yawa daga cikinsu na yin wannan dogon barci kowace shekara.

Amsar da al'ada ta bayar ita ce Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu, ranar da Amurkawa ke tunawa da sojojinsu da suka faɗi a fagen daga. Daga wannan hutu zuwa Ranar Ma'aikata, wato Litinin ɗin farko ta Satumba, shi ne lokacin ninƙaya a wurin jama'a, kuma a tsakanin ranakun biyu ne yawancin tafkunan gwamnati ke aiki. Sai dai ranar ba ta da wata alaƙa da ruwa. A da ana yin bikin ne ranar 30 ga Mayu. Wata doka da majalisar dokokin ƙasar ta zartar a 1968, ta fara aiki a 1971, ita ta mai da shi Litinin don ma'aikata su sami hutun kwana uku a jere. Tafkin gwamnati yana da dalilinsa na bin wannan jadawali, tunda masu tsaron lafiyar 'yan ninƙaya galibinsu ɗalibai ne, sai makarantu sun tashi ake samun su. Tafkin gida ba ya jiran ɗalibi. Kuma rana guda ba za ta dace da ƙasar da a watan Mayu zafin birnin Finiks na Arizona ke haura digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, alhali wasu tafkunan Allah na arewacin Minesota ba su daɗe da rabuwa da ƙanƙara ba.

Kuskuren da ke cikin al'adar ya fi na zaɓen rana zurfi. Kalmar "buɗewa" ta haɗe ayyuka biyu da ba su da lokaci ɗaya. Akwai buɗe ruwan, wato tayar da inji, tace ruwa da daidaita magani. Akwai kuma buɗe tafkin ga mutane su shiga. Na farko ya kamata a yi shi da wuri, ma'aunin zafi ne ke yanke ranarsa. Na biyu ba ya buƙatar gaggawa. Makonnin da ke tsakanin su biyun kuwa su ne mafi hatsari a shekara, kuma su ne aka fi yin sakaci da su.

Dalilin sammako yana cikin halin gansakuka, koren nan da kan lulluɓe ruwan da ya kwanta. Kulorin ɗin da aka zuba ranar rufewa ba ya kai wa ƙarshen hunturu. Ganyaye da ƙura da hasken rana sun cinye shi tun da daɗewa. Abin da ke tsare ruwan a watannin Janairu da Fabrairu sanyi ne kawai. Muddin zafin ruwan yana ƙasa da digiri 15 ko kusa da haka, gansakuka na nan amma tana tafiyar hawainiya. Da ya fara haura digiri 18, sai ta farka, kuma in ta sami ɗumi da haske da abinci, adadinta kan ninka cikin kwana guda. Abincin kuwa yana zuwa daidai lokacin: ƙurar furannin itatuwa da kan rufe motoci da launin rawaya a watan Afrilu tana sauka kan ruwa ita ma. Marufin raga, wanda gidaje da yawa ke amfani da shi don ruwan sama ya wuce, yana barin wannan ƙura da ɗan haske su ratsa. Marufin tamfol mai duhu yana tare haske, amma yana zuƙar zafin rana ya ɗumama abin da ke ƙarƙashinsa. Mai gidan da ya jira ƙarshen Mayu a jihar Ohayo ko Merilan ya bai wa gansakuka makonni da dama na ɗumi ba tare da magani ba, sannan ranar da ya yaye marufin ya tsaya yana mamakin abin da ya mai da tafkinsa kamar miyar kuka. Ruwa ba ya tsami banza.

Masu sana'ar gyaran tafki suna da ƙa'idar da suka gada daga aiki: in zafin rana ya fara zama a digiri 21 kwanaki a jere, lokaci ya yi. Ƙa'idar ba ta da laifi, amma iska take aunawa, gansakuka kuwa a ruwa take zaune. Ya fi dacewa a ɗaga gefen marufin a jefa ma'aunin zafi mai igiya, a duba shi duk bayan kwana biyu ko uku tun daga ƙarshen Maris. In ya nuna 12 ko 13 yana hawa, a shirya. A buɗe kafin ya wuce 15. Ma'aunin kuɗinsa bai kai na bokitin kulorin guda ba.

Abin da ke hana mutane sammako shi ne tsoron kuɗin lantarki, kuma a nan lissafi ya fi zato amfani. A ɗauki tafki matsakaici mai cin lita 75,000. Ɗumama lita dubu na ruwa da digiri ɗaya na cin kimanin yunit 1.16 na makamashi, wato irin yunit ɗin da mitar lantarki ke ƙirgawa. Ke nan kowane digiri ɗaya a wannan tafki yunit 87 ne, kuma ɗaga shi daga digiri 13 zuwa 27, inda jiki ke jin daɗin shiga, ya haura yunit 1,200, ban da zafin da iska ke kwashewa kowane dare. Injin ɗumama na zamani mai zuƙo zafi daga iska yana rage abin da za a biya ƙwarai, amma shi ma ƙarfinsa kan ragu in iskar na da sanyi. Injin tura ruwa fa? Tun watan Yulin 2021 ƙa'idojin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka suka sa yawancin sababbin injuna suka zama masu saurin da ake iya ragewa, kuma a ƙa'idar aikinsu, in an rage gudu da rabi, wutar da inji ke ci kan faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas. Injin da ke cin wat 300 na tsawon awa takwas a rana zai ci yunit 72 a wata. Wata guda cur na juya ruwa bai kai makamashin ɗumama shi da digiri ɗaya ba. Tsadar da ake gudu tana wurin ɗumamawa, kuma babu wanda ya ce sai an kunna injin ɗumama ranar da aka buɗe ruwan.

Ruwan sanyi kuma ba ya cin magani sosai. Kulorin kaɗan ya ishe shi, domin babu gumi, babu man shafawa, rana ba ta yi ƙarfi ba. Tafkin da ya riga ya yi kore kuwa sai an ɗura masa kulorin ninkin-ba-ninkin, a bar inji na aiki dare da rana, a wanke matacin ruwa sau da yawa, a goge bango da buroshi, wani lokaci mako guda ko fiye. Ganyen da ya kwanta a ƙasa cikin ɗumi kan bar tabon da ba ya fita da sauƙi. Kuma duk wannan yana faruwa ne a makon da kowa ke neman mai gyara, kowa ke layi a shagon magani. Waɗanda suka ga shekarar 2021 ba su manta ba: a watan Agustan 2020 guguwar Laura ta haddasa gobara a masana'antar BioLab da ke kusa da Lake Charles a jihar Luwiziyana, ɗaya daga manyan masu samar da ƙwayoyin kulorin a ƙasar, kuma da zafin shekara mai zuwa ya kama, farashi ya tashi, shaguna suka riƙa ƙayyade adadin da mutum zai saya. Wanda ruwansa ke garau tun Afrilu bai ji jiki kamar wanda ya fito neman bokiti uku a ƙarshen Mayu ba.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Ruwan da ya kwanta ba magani gidan sauro ne, har da ɗan ruwan saman da kan taru a kan tamfol, kuma cikin ɗumi sauro na kammala girma daga ƙwai zuwa mai cizo a mako guda zuwa kwana goma. Amurka ba ta fama da zazzaɓin cizon sauro irin na Afirka, amma tun 1999 da ƙwayar cutar Yammacin Nilu ta ɓulla a New York, ta bazu a faɗin ƙasar, kuma saurayen da ke ɗauke da ita suna son ruwa mai datti. A 2007, lokacin da rikicin bashin gidaje ya sa mutane suka riƙa barin gidajensu a Bakersfield ta jihar Kalifoniya, masu bincike sun danganta hauhawar masu kamuwa da cutar a yankin da tafkunan da aka yasar suka yi kore. Hukumomin yaƙi da sauro a jihar har ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro suke zubawa a irin waɗannan tafkuna.

To, in sanyi ya dawo bayan an buɗe fa? Yakan dawo, daren Afrilu na iya sauka ƙasa da sifiri a Shikago ko Toronto. Amma lita dubu saba'in da biyar ba sa daskarewa a dare ɗaya, kuma ruwan da ke gudu cikin bututu yana da wuyar daskarewa, don haka maganin shi ne a bar inji a kunne har gari ya waye. Hatsarin gaske shi ne sanyi ya haɗu da ɗaukewar wuta, kamar yadda ya faru a Tekzas a Fabrairun 2021, inda ba a saba rufe tafki ba, injuna suka tsaya, bututai suka farfashe. Wanda ya buɗe da wuri ya kamata ya san inda matosan zubar da ruwan injinsa suke, ya iya kwance su cikin duhu da tocila. Wannan hujja ce ta kada a buɗe a tsakiyar Maris a Minesota. Ba ta kai ta sa a jira ƙarshen Mayu ba.

Hujjar da ta fi kowace nauyi a kan sammako ba ta shafi kuɗi ko magani ba, kuma masu sayar da kayan tafki ba su cika ambatonta ba. Marufin tsaro na gaske, wanda ake ɗaurewa da madauri a jikin ƙusoshin da aka kafa cikin siminti, an ƙera shi ne bisa ƙa'idar da ta ce dole ya ɗauki nauyin kimanin kilo 220, wato yaro da manya biyu da suka hau ceto shi. Duk tsawon hunturu, wannan marufin ne katangar da ke tsakanin ɗan shekara biyu da ruwa mai zurfin mita biyu. Ranar da aka yaye shi, an cire katangar. Wanda ya buɗe a tsakiyar Afrilu maimakon ƙarshen Mayu ya ƙara makonni shida na buɗaɗɗen ruwa a bayan gidansa.

Alƙaluman ba su da daɗin ji. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce nutsewa a ruwa ce kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4 a ƙasar, kuma mafi yawan waɗannan mace-mace a tafkin ninƙaya suke faruwa. Abin da ya fi shafar wannan magana shi ne lokacin da suke faruwa. Kusan bakwai cikin goma na ƙananan yaran da ruwa ya ci a tafkin gida, ba lokacin wanka ba ne, babu wanda ya zaci suna kusa da ruwan. Uwa tana kicin, uba yana waya, an ga yaron a falo minti biyar da suka wuce. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa kamar a fim. Yakan tafi ƙasa shiru. A ranar biki, in tafki ya cika da baƙi, idanu suna kan ruwa. A ranar Talata ta watan Afrilu, ruwan yana digiri 13, babu mai tunanin shiga, a zukatan mutanen gida tafkin "ba a buɗe shi ba tukuna", kuma wannan tunanin ne ke sa a bar ƙofar baya a buɗe. Sanyin ruwan ma ƙarin masifa ne. Ruwan da ke ƙasa da digiri 15 yana sa wanda ya faɗa ciki ya ja numfashi da ƙarfi ba da niyya ba, ya kasa sarrafa shi na kusan minti guda, ko da babba ne gwanin iyo.

Wannan bai rushe hujjar sammako ba, sharaɗi ya ɗora mata. Sharaɗin shi ne shinge mai kewaye tafkin ta ɓangarori huɗu, wanda ya raba shi da gidan kansa, tsayinsa aƙalla mita 1.2, da ƙofa mai rufe kanta, mai sakatar da ke kama kanta a inda hannun yaro ba ya kai. Gidaje da yawa suna da shinge ta ɓangarori uku, bangon gida ne na huɗu, wanda ke tare 'ya'yan maƙwabta ya bar 'ya'yan gida, alhali su ne suka fi faɗawa. CDC ta ce shinge mai ɓangare huɗu na rage hatsarin da kashi 83 cikin ɗari idan aka kwatanta da mai uku. Ostireliya ta daɗe da mai da shinge wajibi a dokokin jihohinta. Faransa, a dokarta ta 3 ga Janairun 2003, ta wajabta wa mai tafkin da aka haƙa a ƙasa ya zaɓi ɗaya cikin huɗu, shinge ko ƙararrawa ko marufin tsaro ko rumfa mai rufewa, da tarar da za ta iya kai Yuro 45,000. Sanya ƙararrawa a sahu ɗaya da shinge sassauci ne da ya yi yawa, domin ƙararrawar da ake sakawa cikin ruwa ba ta kaɗawa sai yaro ya riga ya faɗa. A Amurka kuwa, dokar shingen gida tana hannun jihohi da ƙananan hukumomi, wani wuri da tsanani, wani wuri da sako-sako, don haka cika sharaɗin doka ba lallai ya zama cika sharaɗin tsaro ba.

Shingen da ke nan ma sai an duba shi, domin hunturu ba ya barin ƙarfe da katako yadda ya same su. Ƙasa in ta daskare takan kumbura ta ɗaga ginshiƙi, in ta narke ta sauke shi a karkace, sai ƙofar da ke rufe kanta a Satumba ta koma tsayawa saura yatsa biyu a Afrilu. Gwajin ba shi da wuya: a buɗe ƙofar kaɗan, kamar faɗin tafin hannu, a saki. In sakata ba ta kama ba, ba a yaye marufi ranar nan. A kwashe kujeru da tukwanen fure da aka jingina a jikin shinge lokacin sanyi, tunda ga yaro tsani ne. Bargon roba mai kumfa da ake shimfiɗawa a kan ruwa don riƙe zafi yana da amfani sosai wajen rage kuɗin ɗumamawa, amma ba marufin tsaro ba ne. Ga idon yaro kamar daɓe yake, in ya taka ya nutse, sai bargon ya koma ya rufe a kansa.

Gidan da ke da ƙaramin yaro kuma ba shi da irin wannan shinge, hukuncinsa daban ne, kuma ba shi da wuyar yankewa: marufin tsaro ya zauna a inda yake har a kafa shingen, ko da ruwan zai yi kore. Kore na mako guda ne da kuɗin kulorin. Akwai ma hanyar tsakiya da masu sana'ar suka sani: a kwance ɓangaren marufin, a cire matosai, a cika ruwa, a tayar da inji, a zuba kulorin na ruwa, a mai da madaurin a ɗaure. Ruwan yana juyawa yana shan magani a ƙarƙashin marufi, an yi buɗewa ta farko ba tare da an cire katangar ba. Ga yawancin iyalai masu 'yan ƙanana, wannan ita ce amsar da ta fi kowace.

Buɗewa ta biyu, ta shigar mutane, tana iya jiran ranar hutun Mayu in an ga dama, a nan al'adar ba ta cutar da kowa. Abin da take buƙata shi ne ruwa ya yi garau har a ga magudanar da ke can ƙasan wuri mafi zurfi, kulorin ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin miliyan, ma'aunin tsami na pH ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8. Ganin magudanar yana da dalili biyu. Ruwan da ya ɓoye ta zai ɓoye yaro. Sannan murfinta kansa abin dubawa ne. A 2002, Virginia Graeme Baker, 'yar shekara bakwai, jikar tsohon sakataren harkokin wajen Amurka James Baker, ta rasu bayan ƙarfin zuƙar magudanar wani ƙaramin tafkin ruwan ɗumi ya riƙe ta a ƙarƙashin ruwa, manya suka yi ta ja kafin su iya ɓanɓaro ta. Dokar da ke ɗauke da sunanta, wadda aka sa wa hannu a Disambar 2007, ta wajabta sabon samfurin murfi mai hana irin wannan riƙewa a tafkunan jama'a da kuma duk murfin da za a sayar a ƙasar, amma ba ta aika kowa ya duba tsohon tafkin bayan gida ba. Murfin roba ne, rana da kulorin suna cin sa, kuma masu ƙera shi suna rubuta yawan shekarun aikinsa a jikinsa. In ya tsage, ko ƙusa ɗaya ta ɓace, ko shekarun sun cika, a kashe inji, kowa ya zauna a bakin ruwa har a kawo sabo.